Biran Kurmi Masu Zanen Fuska

Manomin Arewa ya san jan biri, mai gudu a ƙasa yana ɓarnar gyaɗa. Amma a cikin kurmi akwai waɗansu 'yan'uwansa masu dogon bindi, waɗanda ba safai sukan sauko daga bisa ba. Turawa suna ce musu ginon. Kowane iri da zanen fuskarsa, kamar yadda tsaga ke nuna asalin mutum: wani farin hanci, wani farin maƙogwaro, wani tukku.

Akwai ɗaya daga cikinsu, birin Sclater, wanda duk faɗin duniya ba a samunsa sai a Nijeriya, tsakanin kogin Kwara da kogin Kuros. An sa masa suna a 1904, daga baya labarinsa ya ɓace har aka yi zaton ya ƙare, sai a 1988 aka sake ganinsa. A Akpugoeze ta Jihar Enugu da Lagwa ta Jihar Imo, al'adar gari ce ta hana a taɓa shi, shi ya sa ya tsira a can. Al'ada kuwa takan yi rauni in zamani ya juya.

Abincin waɗannan birai yawanci 'ya'yan itace ne. Biri yakan cika kumatunsa, ya tafi nesa ya ci, ya zubar da ƙwallaye, nan kuma wani itace ya tsiro. Ashe shuka yake yi wa kurmi. Idan masu yankan katako da masu saran gona suka raba kurmi gida-gida, garke yakan maƙale a ɗan tsibirin itatuwa, abinci ya yi ƙaranci, maharbi kuma ya same shi a sauƙaƙe.

A Gandun Dajin Gashaka-Gumti, masana sun bayyana a 2006 cewa namijin biri mai farin hanci yana da kuka iri biyu na gargaɗi, in kuma ya haɗa su, sai garke ya tashi ya kama hanya.

Birin farin maƙogwaro yana fakewa a Okomu ta Jihar Edo, wadda ta zama gandun dajin ƙasa a 1999. Farauta da saran itace a cikin irin waɗannan gandaye laifi ne, kuma tun 1985 akwai dokar tarayya da ta ƙayyade kamawa da cinikin namun dajin da ke dab da ƙarewa.