Darasi: Idan Tuwo Ya Fara Tsayawa a Ƙirji

'Yan uwa mata, mu ne masu kwasar tuwo, don haka mu muke fara lura idan maigida ko Inna ta rage ci. Darasinmu na yau a kan ciwon daji ne na hanyar abinci, wato bututun da loma ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki.

Yadda yake farawa

Ƙari ne ke tsirowa a cikin bututun, yana matse shi sannu a hankali. Da farko nama da tuwo ke tsayawa, sai an kora da ruwa. Daga baya fura da kunu su gagara, har ruwa da yawu. Mutum ya yi ta rama. An fi ganinsa a masu shekara 50 zuwa sama. Ba sammu ba ne, ba hakin wuya ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Kada a kai wa wanzami.

Abin da ke ƙara haɗari

Sigari, tabar gari, giya, da ƙwannafi na shekaru. A 2016 masu binciken daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka ja kunne kan abin sha mai tsananin zafi. Shayi ko koko, a bari ya huce. Masu haɗa sabulu, ku ɓoye soda: yaron da ya sha ta, hanyar abincinsa kan ƙone ta tsuke.

Me ake yi a asibiti?

A fara da asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, a karɓi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Likita zai zura siririyar roba mai kyamara ya duba, ya ɗebo ɗan nama a auna. Magani shi ne tiyata, ko allurai ta jijiya, ko gashi da na'ura, wanda akan tura mutum Shika ko Sakkwato. Idan ya yi nisa, akan sa bututun ciyarwa, a ba da maganin zafi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: wanda aka kai da wuri ya fi samun sauƙi.

Mu tattauna

1. Haɗiya ta yi wa surukarki wuya mako 2, tana cewa a bari sai bayan girbi. Me za ki ce mata?
2. Nawa za mu ware daga asusun taimakon juna don kuɗin mota da awo?
3. Wace ce za ta yi rakiya?

Magatakarda ta rubuta abin da aka yanke kafin a rufe akwati. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.