Abin da Ke Cin Lilo a Ɓoye: Kimiyyar Lalacewar Wuraren Shaƙatawa

Gabatarwa

Duk ranar Sallah, da zarar an sauko daga Idi, yara kan caɓa ado su bazama neman inda za su hau lilo. Haka abin yake a Gusau, babban birnin Jihar Zamfara tun kafa ta a 1996, haka kuma yake a Tsafe da Bunguɗu, inda lilon makaranta ko wanda mai walda ya haɗa kan tara yara. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, tun ranar da aka kafa lilo yake fara lalacewa. Ruwa da iska da zafi da ƙananan halittu suna yi masa aiki dare da rana. Ingancin wurin shaƙatawa ya dogara ne ga ko masu kula da shi suna gyara da saurin da waɗannan abubuwa ke ɓarna.

Tsatsa

Ƙarfe yakan yi tsatsa idan ya haɗu da ruwa da iskar oksijin a lokaci guda. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, saboda haka takan kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon ƙarfe a ƙarƙashinta, shi ma ya fara ciwuwa. Amfanin fenti shi ne ya raba ƙarfe da ruwa da iska. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙaramar tsaga a jikin fenti ta isa ruwan damina ya ratsa.

Mafi haɗari ita ce tsatsar da ke cikin bututu, domin yawancin ƙafafun lilo bututu ne. Ruwa kan shiga ta wurin walda ya kwanta a ciki, ya yi ta cin ƙarfen alhali waje yana sheƙi da sabon fenti, a yi ta yi wa rogo kallon kitse. A ran 26 ga Yuli, 2017, a wajen bikin baje kolin Jihar Ohio ta Amurka, wani lilo mai suna Fire Ball ya tsinke yana cikin wulwulawa. Saurayi ɗan shekara 18 ya rasu, mutum bakwai suka ji rauni. Masu duba kaya sun amince da lilon a wannan ranar. Daga baya kamfanin da ya ƙera shi ya bayyana cewa tsatsa ce ta cinye cikin ƙarfen da ke riƙe da kujerun, a tsawon shekara 18 da ya yi yana aiki.

Gajiyar Ƙarfe

Ƙarfe yana iya karyewa ko da babu tsatsa. Ɗalibi na iya gwada wannan da guntun waya: idan ya lanƙwasa ta sau ɗaya ba za ta tsinke ba, amma idan ya yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya, sai ta rabu biyu. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe. Wata 'yar tsaga da ido ba ya gani takan fara, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan duk lokacin da nauyi ya hau ya sauka. Injiniyan Jamus August Wöhler ne ya yi fice wajen nazarin wannan a ƙarni na 19, a kan ƙarafan ƙafafun jirgin ƙasa.

A ran 5 ga Mayu, 2007, a wurin wasa na Expoland kusa da Osaka a Japan, ƙarfen ƙafar wani jirgin wasa ya karye, wata budurwa 'yar shekara 19 ta rasa ranta. Bincike ya nuna gajiyar ƙarfe ce, kuma shekara 15 ba a sake wannan ƙarfe ba. A 2009 aka rufe wurin baki ɗaya.

Yanayin ƙasar Zamfara ma yana da nasa rabon. Tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin bazara, ƙarfe yana miƙewa yana tsukewa. Ƙarfe mai tsawon mita 10 yakan ƙaru da kimanin milimita 3 idan zafi ya hau da digiri 25. Wannan motsi, tare da jijjigar lilon, yakan kwance noti. Ƙurar hunturu kuwa takan cakuɗe da giris ta mai da shi kamar yashi mai goge ƙarfe.

Gara da Ruwan Kwance

Inda aka yi amfani da katako, gara ce abokiyar gaba. Wasu nau'o'in gara suna narkar da itace da taimakon ƙananan halittun da ke cikin hanjinsu. Masu gina manyan shuri kuwa suna noma wani irin naman gwari a cikin gidansu, shi ke ruɓar musu da itacen. Gara ba ta son haske da bushewar iska, don haka takan ci katako daga ciki ta bar ɓawo siriri. Benci yana nan kamar lafiyayye, sai an zauna ya rufta.

Haka nan tafkin ado ko wurin ninƙaya da aka daina sauya wa ruwa. Gansakuka kan rufe shi, gefensa ya yi santsi. A lokacin zafi sauro kan tashi daga ƙwai zuwa babba cikin kwana 10 zuwa 14, wato wurin wasan yara ya koma gonar zazzaɓin cizon sauro. Idan dodon koɗi na cikin ruwa ya samu shiga, kuma mai ɗauke da cutar tsargiya ya yi fitsari a ciki, duk yaron da ya yi wanka yana iya kamuwa.

Dalilin Raguwar Kulawa

Da yawa daga wuraren shaƙatawa na Arewa an gina su ne a lokacin da kuɗi ke hannun gwamnati. Gidan namun daji na Kano, alal misali, an kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Gini sau ɗaya ake yin sa, a yanka ƙyalle a tafa. Kulawa kuwa ta kullum ce: babban zaki yana buƙatar naman da ya kai kilo 5 zuwa 7 a rana, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyara na ƙasashen waje suka yi tsada. A 2021 hotunan wani zaki da ya rame matuƙa a gidan dabbobi na Gamji da ke Kaduna sun tayar wa jama'a hankali.

Sakaci ba ya zuwa a rana ɗaya. Bana a ɗage fenti, ba abin da ya faru. Baɗi a ɗaure noti da waya, nan ma shiru. Da haka ake ɗaukar shirun a matsayin shaidar lafiya, alhali tsatsa da tsaga suna ci gaba da aikinsu. Daɗin daɗawa, idan ba a rubuta ranar da aka sake kowane ƙarfe ba, tsohon ma'aikaci yakan yi ritaya ya tafi da abin da ya sani a kansa.

Aikin Ɗalibai

Malamin kimiyya na iya fita da ɗalibansa su binciki lilon makaranta ko na unguwa, sau ɗaya kafin damina, sau ɗaya bayanta. Su tone ƙasa kaɗan a gindin kowace ƙafa, domin nan danshi ya fi daɗewa. Su duba wurin walda, ko akwai tsaga ko jan ruwa na tsiyaya. Su auna kaurin zoben sarƙa na sama, inda yake goguwa, su kwatanta da na tsakiya. Su ƙwanƙwasa katako, domin wanda gara ta ci yakan yi amo kamar ganga. Su ɗebi ruwan kwance a kwalba su nemi tsutsotsin sauro. A rubuta komai a littafi ɗaya tare da kwanan wata, a miƙa wa shugaban makaranta. Lilon da aka ga tsaga a waldarsa, a cire kujerarsa nan take har sai an gyara.

Gwangwanin fenti da ɗan giris da littafin rubutu ba su kai kuɗin sabon lilo ba, balle jinyar yaron da ya faɗo. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.