Yadda Ake Tseren Mota a Kan Dusar Ƙanƙara a Suwidin

Duk watan Fabrairu, gasar tseren motoci ta duniya, wato WRC, takan yada zango a ƙasar Suwidin. Tun 1973 wannan tsere yake cikin gasar, kuma a 2022 aka ɗauke shi daga yankin Värmland zuwa birnin Umeå da ke arewa, saboda dusar ta fara ƙaranci a tsohon wurin. Motoci ba sa tashi tare. Kowacce ita kaɗai ake saki cikin daji, agogo ne alƙali. Duk da santsin hanya, yana cikin tseren da aka fi zuba gudu a shekara. Ga yadda gwanaye suke yi.

1. Ka fara sanin hanya. Kafin ranar tsere, ana barin direba da mataimakinsa su bi kowane zango sau biyu a hankali. Direba yana faɗa, mataimaki yana rubutawa: kaifin kwana, nisanta, tudu, da wurin da dutse ya ɓuya a ƙarƙashin dusa. Ranar tsere wannan rubutu shi ne idon direba, domin fari ya rufe ko'ina.

2. Ka sa tayar da ta dace. Tayar Suwidin siririya ce, don ta yanka dusa ta kai ga daskararriyar ƙanƙarar da ke ƙasa. Kowace taya tana ɗauke da ƙusoshi 384, kowace ƙusa ta leƙo waje da kusan milimita 7. Su ne suke cizon ƙanƙara, har mota ta riƙe ƙasa fiye da yadda take yi a wasu hanyoyin tsakuwa.

3. Ka yi tattalin ƙusoshin. Nan ake gane gwani. Da safe hanya lafiya lau take. Da rana, idan aka sake bin zangon, motocin farko sun riga sun kankare ƙanƙarar, tsakuwa ta fito fili. Tsakuwa kuwa fizge ƙusoshi take yi ɗaya bayan ɗaya. Don haka kada ka danna totur har taya ta riƙa juyawa a banza, kuma ka sauya tayoyin gaba da na baya tsakanin zango da zango. Wanda ya cinye ƙusoshinsa da wuri, a ƙarshe sai ya ga mota tana tafiya inda ta ga dama.

4. Ka karkata motar tun kafin kwana. Ka taɓa birki da ƙafar hagu, nauyi ya koma gaba, bayan motar ya zame kaɗan. Da hancinta ya fuskanci mafita, sai ka taka totur, tayoyi huɗu su ja ta waje. Wanda ya jira sai ya shiga kwana sannan ya murɗa sitiyari, ya makara.

5. Ka jingina da tudun dusa, amma da lissafi. Motar share hanya takan tara dusa gefe da gefe kamar katanga. Idan sanyi ya yi tsanani, tudun yakan yi tauri, direba ya goga bayan mota a jikinsa, ya dawo da ita kan hanya. Idan kuwa gari ya ɗan yi ɗumi, tudun ya yi laushi, haɗiye motar zai yi. Da gefen baya ake taɓa shi, ba da hanci ba.

6. Kada ka bar shebur. Kowace mota tana tafiya da shi. In ka kafe, ku fito ku haƙa, 'yan kallo ma sukan kawo ɗauki da turi. Kafin ka ci gaba, ka duba gaban lagireto: dusa in ta toshe shi, inji zai yi zafi a tsakiyar sanyi.

7. Ka yi la'akari da layin fita. Ranar Juma'a wanda ke kan gaba a teburin gasa shi ake fara saki. Idan sabuwar dusa ta zuba da dare, shi zai share wa na baya hanya, ya yi asarar daƙiƙoƙi. Haƙuri ne maganinsa, ba ganganci ba.

Wannan sana'a ce da ake koyo da daɗewa a kan ƙanƙara. Shi ya sa 'yan Suwidin da Finlan suka riƙe kambun shekara da shekaru, Stig Blomqvist kaɗai ya ci sau 7. Sai a 2004 Sébastien Loeb na Faransa ya zama baƙon farko daga wajen waɗannan ƙasashe biyu da ya lashe shi.