Tambaya da Amsa: Kyaftin ɗin da ya ƙarasa wasa da karyayyen hannu

Tambaya: Na ji ana cewa wani ɗan Ingila ya taɓa buga wasan zari-ruga har ƙarshe da karyayyen hannu. Gaskiya ne? In haka ne, me ya hana a canza shi?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Labarin nan ba ƙanzon kurege ba ne. Sunan mutumin Alan Prescott, haifaffen garin Widnes a 1927. Ya fara wasa a ƙungiyar Halifax yana ɗan gefe mai gudu, daga baya ya koma St Helens, inda ya zama ɗan sahun gaba, wurin da ake ture-ture kafaɗa da kafaɗa. A 1956 shi ya jagoranci St Helens ta doke tsohuwar ƙungiyarsa da ci 13 da 2 a filin Wembley, ta ɗauki kofin Challenge karo na farko.

Abin da ka ji ya faru ne a Brisbane a watan Yulin 1958, yana kyaftin ɗin Birtaniya a wasa na biyu cikin uku da Ostareliya. Ostareliya ta riga ta ci wasan farko. In ta ci wannan, magana ta ƙare. Ana farawa ba da jimawa ba hannunsa na dama ya karye. A lokacin doka ba ta yarda da canji ba: wanda ya fita, an rasa shi ke nan. Ga abokin wasansa Dave Bolton ya karye a ƙashin wuya an fitar da shi, saura mutum 12 cikin 13. Da aka tafi hutu likita ya ce ya haƙura, ya ƙi. Ya koma fili hannun na reto, yana tare mutane da ɗayan. Birtaniya ta ci 25 da 18, ta kuma lashe wasa na uku a Sydney.

Ina jinjina masa, amma dokar nan zalunci ce. Akasarin 'yan wasan zamanin ma'aikata ne, wasu a ramin kwal, wasu a masana'anta, kuma da hannuwan nan suke ciyar da iyali. Bai kamata a sa irin wannan mutum ya zaɓa tsakanin lafiyarsa da abokansa ba. Sai a 1964 aka halatta canji, shi ma da farko ga wanda ya ji rauni kaɗai.