Babi na Bakwai: Bayanin Kayan Fasaha da Hausa: Babur Mai Bin Kwalta da Daji

7.0 Gabatarwa

Rubutun bayani ba ya cika sai an haɗa kowace siffa da dalilinta. Domin fito da wannan ƙa'ida fili, an ɗauki matsakaicin babur wanda ake ƙerawa don tafiyar kwalta da ta daji a matsayin misali.

7.1 Ƙirar Babur

Sanannen misali shi ne KLR650, wanda kamfanin Kawasaki na ƙasar Japan ya fito da shi a 1987. Injinsa silinda ɗaya gare shi, mai girman kimanin si-si 650, ruwa ke sanyaya shi, kuma giyarsa biyar. Silinda ɗaya tana rage nauyi da wahalar gyara, sai dai takan jawo jijjiga a doguwar tafiya.

Ƙafar gaba inci 21 ce, ta baya kuwa 17, saboda babbar ƙafa ta fi saurin haye rami da dutse. Shokozobarsa doguwa ce domin kada cikin injin ya daki ƙasa, amma hakan ya ɗaga sirdi har gajeren mutum yakan sha wuya kafin ya dire ƙafa. Tankinsa yana cin kusan lita 23, abin da ke kai matafiyi nesa, ko da yake cikakken tanki nauyi ne a sama. Fitila da sigina da madubi su suka halatta masa hawa titi. An dakatar da ƙera shi a 2018, sannan ya dawo a samfurin 2022 da na'urar fesa mai a madadin kafireta.

Wato dai taura biyu maƙeran suka so taunawa, don haka kowace riba da aka samu a daji akwai abin da aka sarayar a kwalta.

7.2 Kalmomin Fannin

Shokozoba da kafireta da giya aro ne daga Ingilishi, an daidaita su da tsarin gaɓar Hausa ta yadda suka ƙare da wasali. Sirdi da ƙafa kuwa faɗaɗa ma'ana ne, daga doki zuwa babur.

7.3 Kammalawa

Malamin da ya lissafa siffofi ba dalili, hadda kawai ya koyar. Wajibi ne ɗalibi ya san me ya sa, ba mene ne kaɗai ba.

Auna Fahimta

1. Kawo siffofi uku na wannan babur, tare da amfani da illar kowace.
2. Nemo kalmomin kanikawa biyar, ka bayyana hanyar samuwarsu.