Manhajojin da Ke Aiki a Bayan Fage: Me Ya Sa Kwamfuta Ke Nauyi?

A darasin kwamfuta na wannan fitowar, za mu duba wata matsala da kusan duk mai shiga ɗakin kwamfuta ya taɓa cin karo da ita. Za ka kunna kwamfuta, ba ka buɗe komai ba, amma ta yi nauyi, fankarta na ta gurnani, batir na zuba, data kuma na ƙarewa. Wani lokacin ka buɗe manhajar da kake buƙata ta ƙi tashi sam. Sau da yawa laifin ba na na'urar ba ne, wasu manhajoji ne ke aiki a bayan fage ba tare da saninka ba.

Mene ne aiki a bayan fage?

Idan ka danna alamar X da ke saman taga, abin da ka rufe shi ne tagar, ba lallai manhajar ba. Manhajoji da dama suna barin wani ƙaramin sashe nasu yana ci gaba da aiki: wani yana duba ko sabon zubi ya fito, wani yana jiran saƙo, wani yana kwashe fayiloli zuwa intanet. Wasu ma sukan saka kansu cikin jerin abubuwan da ke tashi da zarar an kunna kwamfuta.

Ba dukansu ne marasa amfani ba. Manhajar riga-kafin cututtukan kwamfuta dole ta kwana a faɗake, haka ma mai kula da firinta. Matsalar tana tasowa ne idan suka yi yawa, domin kowannensu yana ɗibar rabonsa daga ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM. Kwamfutar da ke da gigabait 4 kacal ba ta da sararin ɗaukar baƙi goma da ba a gayyata ba.

Yadda rikici ke tashi

Kowace kwamfuta tana da wasu ƙofofi masu lamba da manhajoji ke karɓar saƙo ta cikinsu, daga lamba 0 zuwa 65535. A ƙa'ida, manhaja ɗaya ce ke tsayawa a bakin ƙofa ɗaya, wadda ta riga zuwa ita ke da wuri. Ƙofa ta 80 da ta 443 na shafukan intanet ne.

Tsofaffin zubin Skype sun yi suna wajen kama waɗannan ƙofofi biyu da zarar an kunna kwamfuta. Ɗalibin da ke koyon gina shafin intanet yakan saka XAMPP, ya danna don tayar da Apache, sai ta mutu nan take, saboda Skype ta riga ta tare ƙofa ta 80 duk da cewa ba kowa ke kira ba. Mutane da yawa sun goge XAMPP sun sake sakawa a banza, alhali maganin bai wuce cire alama ɗaya a cikin saitin Skype ba. Kamfanin Microsoft ya rufe Skype a watan Mayun 2025, amma irin wannan karo yana nan. Idan akwai MySQL da ke aiki a ɓoye, sannan ka tayar da ta cikin XAMPP, su biyun za su yi ta rigima kan ƙofa ta 3306.

Misali na biyu shi ne saka manhajar riga-kafi guda biyu a kwamfuta ɗaya. Kowacce tana son binciken kowane fayil kafin a buɗe shi, har takan ɗauki 'yar uwarta a matsayin cuta. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Shi ya sa Microsoft Defender ke ja da baya da kanta idan an saka wata a Windows.

Akwai kuma batun tsaro. A watan Yulin 2019 wani mai binciken tsaron kwamfuta, Jonathan Leitschuh, ya bayyana cewa Zoom na kwamfutocin Mac tana saka wata ɓoyayyiyar manhaja da ke saurare a ƙofa ta 19421. Ta wannan hanya, wani shafin intanet zai iya jefa mutum cikin taron bidiyo, kyamararsa a buɗe, ba tare da ya amince ba. Ko an goge Zoom, ɓoyayyen sashen yana nan, yana ma iya dawo da ita. Sai da kamfanin Apple da kansa ya aika gyaran da ya cire shi daga kwamfutocin jama'a.

Yadda za ka gano su a Windows

1. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. A sashen Processes ka danna kan Memory, masu cin wuri da yawa za su hau sama.

2. Shiga sashen Startup. Nan ne jerin masu tashi tare da kwamfuta. Wadda ka san ba ka buƙatarta kullum, zaɓe ta ka danna Disable. Wannan ba ya goge ta, yana hana ta tashi ne sai ka kira ta.

3. Duba 'yar kibiyar da ke kusa da agogo a ƙasan allo. Manhajojin da ka ɗauka ka rufe sukan laɓe a nan. Danna maɓallin dama na linzami ka zaɓi Exit ko Quit.

4. Idan rikicin ƙofa ne, buɗe Command Prompt ka rubuta netstat -ano. Za ka ga kowace ƙofa da lambar mai riƙe da ita a layin PID. Nemi lambar a sashen Details na Task Manager, sunan mai laifin zai bayyana. Daga nan ko ka rufe shi, ko ka mayar da Apache ƙofa ta 8080.

Gargaɗi

Kada ka kashe abin da ba ka san aikinsa ba. Sunaye irin su svchost.exe na Windows ne kanta, taɓa su na iya tsayar da kwamfutar, aikin da ba ka adana ba ya salwanta. Kwamfutar makaranta kuwa amana ce: ka sanar da malamin da ke kula da ɗakin kafin ka canza ko ka saka wani abu, domin abin da ka saka yau yana iya hana wani ɗalibi gwajin jarrabawar JAMB gobe.

Riga-kafi ya fi magani. Lokacin saka sabuwar manhaja, ka daina danna Next ido rufe. Karanta kowane shafi, ka cire alama daga akwatin da ke neman izinin tashi tare da kwamfuta ko saka wata manhaja ta daban.

Aikin gida: duk mai kwamfuta a gida ya buɗe sashen Startup, ya ƙirga manhajojin da ke ciki, ya rubuta nawa ne ya san aikinsu. A miƙa amsa ga kulob ɗin 'yan jarida. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.