Amsoshin Tambayoyinku: Sarki Charles na Bakwai

Wani mai sauraro daga Maraɗi yana tambaya, yaya Charles na Bakwai na Faransa ya kafa ikonsa ana tsaka da yaƙi da Ingila?

To Malam, da mahaifinsa ya rasu a 1422, Paris na hannun Turawan Ingila, yarjejeniyar Troyes kuma ta hana shi gadon sarauta. Naɗin da aka yi masa a majami'ar Reims a 1429, bayan Jeanne d'Arc ta taimaka an ceto birnin Orléans daga hannun Turawan Ingila, shi ya sa talakawa suka yarda sarki ne. Amma a ganina babbar dabararsa ita ce sulhun Arras na 1435 da basaraken Burgundy, wanda ya raba Ingila da babban abokin ƙawancenta. A 1436 Paris ta dawo hannunsa.